Yadda Madam Ta Mai da Mamana Gwauruwa

Mamana ta daɗe tana kai citta kasuwar Kafanchan, tun ban yi wayo ba. Gonarta ce, cinikinta ne, ko Baba ba ya sa mata baki. Da cittar nan ta yi mana makaranta, kuma a zumuntar matan cocinmu a Godogodo, in ta yi gyaran murya kowa sai ta gyara zama.

Sai aka ce Madam za ta zo. Kun san irinta ai: in ka kunna talabijin sai ka gan ta tana kukan 'yancin mata, hawaye na zuba amma kwalli bai motsa ba. Lokacin ina kwalejin horon malamai, har ɗaurin kallabinta nake kwaikwayo.

Mata suka ɗinka anko, suka tashi da asuba suka dafa faten acca. An ce da safe za ta iso, ba ta iso ba sai da rana ta take. Ta sauko daga mota, ta dube mu sama da ƙasa, ta ce, "Kai, ashe kuna da tsabta haka!" Mu kuma muka tafa mata. Allah na gani, tafi muka yi. Faten ko kallo bai ishe ta ba, da ruwanta na gora ta zo. Aka jera wa dagaci da fasto da sauran maza kujeru a inuwa kusa da ita, mu da aka zo 'yantawa muna tsaye a rana.

Jawabin bai kai a tafasa shayi ba. Sai mai ɗaukar mata hoto ya ce ankon nan ya cika kyau, ba zai taɓa zuciyar masu ba da taimako ba, a je a sako kayan gona. Da yake Mama ce shugaba, ita aka fara turawa. Ta dawo da tsohon zane, ba takalmi, aka ɗora mata kwandon citta, aka ce kada ta yi murmushi. Madam ta rungume ta daga nesa-nesa, yadda ake riƙe jaririn da ya yi fitsari.

Ba a jima ba wani ƙaton allo ya tashi a hanyar shiga Kafanchan. Ga Mama, ga Madam, a ƙasa an rubuta wai ana share hawayen gwauraye. Gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu! Baba kuwa yana nan da ransa, yana tashi da malmala biyu ta tuwo.

Aka fara zuwa gaisuwa. Wata gwaggonmu ta taso daga Fadan Kaje, tun daga bakin hanya take rusa kuka, ta shigo ta tarar da mamacin yana wanke babur. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Mama ba ta yi ba.

A kasuwa abin ya fi muni. Alhajin da ya daɗe yana sayen cittarta, wanda suka saba ja-in-ja kamar za su daku, ya sassauta murya ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Me ya hana ki aiko mana?" Matan layinsu kuwa da suka san gaskiya suka ce ta kashe miji don buhun shinkafa. Ko ƙwaya ba ta gani ba.

Da Madam ta dawo Kafanchan karɓar lambar yabo, na je. Aka ba da damar tambaya, na miƙe.

"Ranki ya daɗe, ni 'yar matar da ke allonki ce. Yaushe babana ya rasu? Muna so mu sa ranar addu'a."

Ta yi murmushin talabijin. "Ƙanwata, hoton nan ba na mamanki ba ne, na dukan matan karkara ne. Matsalarku ke nan ku mutanen nan, ba ku san mai taimakonku ba."

Aka karɓe makirufo daga hannuna, zauren ya ɗauki tafi.

Allon ya zauna har damina ta yayyaga shi, amma Mama ba ta sake taka kasuwar ba. Ta ce ba za ta iya da idon mutane ba. Yanzu Baba ne ke kai cittar, shi ke ciniki, shi ke yanke abin da za a yi da kuɗin. Ran nan ina zaune ya dawo, Mama ta tambaye shi yadda aka sayar. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Wannan ba maganar mata ba ce."