Waya ta Shida

Har yau in na ji ƙarar baro a bayana, ba na iya waiwayawa.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, aikin da na zaɓa shi ne yadda wayoyi za su riƙa miƙa wa juna saƙo ba tare da sabis ba. Wannan ta ba ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba, kowace tana laluben hanya da kanta. Na raba wayoyi goma a kasuwar Suleja, daga layin 'yan doya zuwa bakin tasha. Ta shida na ba Babanmu, wanda tura baro ne sana'arsa. Wata guda ina gwaji, saƙo bai taɓa ɓata ba. Ni kuwa sai hura hanci, wai ƙwaƙwalwata ce.

Ranar da malamina zai zo daga Abuja ya gani da idonsa ya ba ni maki, na ce, "Baba, yau ka huta a gida mana." Wallahi ba hutunsa ne ya dame ni ba. Rigar nan tasa ce, da silifas ɗin da ya sha ɗinki. Ya dube ni, ya ce, "To."

Muka tsaya a bakin tasha, na sa aka turo saƙo daga 'yan doya. Shiru. Aka sake, shiru. Malam sai duba agogo yake. Kaico! Ashe tsakanin layin 'yan doya da tasha akwai tazarar da babu wayar da ke ƙetarewa, sai wadda ke kai da komowa a aljihun Baba.

Malam ya rufe littafinsa ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Saƙonni biyu a jere. Na ɗaga kai, ga Baba tafe da lodin doya. Wata mai doya 'yar garin Izom ce ta matsa masa ya fito ya ɗaukar mata kaya.

Malam ya leƙa allon wayar. "Duk ta lamba shida suka biyo. Waye mai ita?"

Na ce, "Wani mai baro ne, roƙonsa na yi ya riƙe min."

Taku uku ne tsakanina da Baba. Ya rusuna wa malam ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," ya tura baronsa ya wuce.

Na ci maki mai kyau. Washegari na tarar da wayar nan ta shida a kan teburina, Baba ya goge ta tas, ya cika mata caji.