Saitin da Na Yi wa Bindigar Kafilina

Bakina ne ya jawo, kamar yadda ya saba. A shekarun da na yi ina tuƙi a Riyadh, gidan wani dattijo nake aiki a unguwar Al-Badi'a. Shi ne kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, a ƙarƙashinsa iƙamata, takardar zamana a ƙasar, take, kuma aikin bai wuce in kai shi masallaci da asibiti da gidajen 'yan'uwa ba. Mutum ne mai son hira. Larabcina na kan titi ne, amma hakan bai taɓa hana ni zuba ba.

Wata rana muna tsaye a cunkoson motoci wajen Al-Murabba ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Na ce maharbi ne. Gaskiya na faɗa, kuma da na tsaya a nan da shi ke nan. Sai na hango ta madubi fuskarsa ta washe, ni kuwa na shiga ƙara gishiri. Na ce a gidanmu da ƙarar bindiga ake yaye yaro. Na ce gada ba ta wuce ni ta kwana da rai. Kafin danja ta sake mu na zama sarkin bakan ƙasar Ningi gaba ɗaya.

Abin da na sani kuwa bindigar Baba ce, adaka, ƙirar maƙerin garinmu. A ɗura albarushi, a cusa tsumma, a zuba guntayen ƙarfe, a yi addu'a. In ta tashi sai bakinta ya yi sama kamar akuyar da aka ja wa igiya. Shi ya sa Baba ya koya mini tun ina saurayi: "Kada ka nuna inda kake so. Sauka ƙasa da taƙi guda, bindiga ɗaga kai take yi." Bai ce adaka ba, bindiga ya ce. Ni ma haka na riƙe, na ɗauka dokar harbi ce a duniya duka. Da wannan ilimi na kashe zomaye kaɗan da gada ɗaya, wadda har yau ina zargin dama ba ta da lafiya.

Dattijon nan ashe tsohon mafarauci ne na gaske. Ciwon suga ya taɓa masa ido, hannunsa na ɗan rawa, kuma babban ɗansa ya riga ya karɓe makullin mota, shi ya sa ma aka kawo ni. Saura bindigar. Ɗan yana so ya mayar da takardar izininta a huta, tsoho yana cewa sai bayan ransa. Na sha jin wannan musu ina gaba ina tuƙi, na yi kamar kurma. Ƙarshe suka yi yarjejeniya a gabana. Ƙanin tsohon yana da gona mai shinge a bayan gari, inda yake kiwon barewa da izinin hukuma. Za a je can. Idan tsoho ya harbi barewa ta faɗi, a bar masa bindigarsa. Idan ya kuskure, ya ajiye har abada.

Don a taimaki idonsa aka sayo sabon madubin saiti aka ɗaura a kan bindigar, abin da su suke kira darbil. Kana leƙawa za ka ga layuka biyu sun gitta juna, inda suka haɗu nan harsashi ya kamata ya sauka. Amma sai an daidaita shi tukuna, a yi ta harbin gwaji ana murɗa wasu maɓallai biyu, na sama da na gefe. Kafaɗar tsoho ba za ta ɗauki dukan harbi da yawa ba. Sai ya dube ni.

"Ya waladi, ɗana, kai ɗan maharba ne. Kai za ka saita mini."

Ban taɓa leƙa darbil ba a rayuwata. Na buga ƙirji na ce, "Abshir, ya ammi," wato baffa ya sha kuruminsa.

Muka je gonar ni da shi ana saura 'yan kwanaki, da hantsi. Na shimfiɗa masa darduma a inuwar mota, na ajiye masa gahawa da dabino. Na zana baƙin da'ira a jikin kwalin ruwa na kafa shi a gindin tudun yashi, ba da nisa ba, domin ya ce daga maɓoya zai yi harbin, kusa da kwamin da barewar ke shan ruwa. Na kwanta rub da ciki, na manna idona a jikin darbil kamar mai leƙen ramin makulli, na ja kunama. Bindigar ta dawo baya, bakin darbil ya sare ni a gira. Na ga taurari da rana tsaka. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce a ƙasarku da goshi ake saiti? Na ce a'a, gaisuwa muka yi da ita. Na ɗaure girar da hankici na koma.

Daga nan na dukufa da gaske, kuma wallahi da zuciya ɗaya. Ina son mutumin nan. Bai taɓa kirana da "ya sawwag", wato kai direba, kamar yadda wasu ke yi ba, kuma ba ya cin abinci bai tambaya ko na ci ba. Ina so ya ci wannan musun fiye da yadda shi kansa yake so. Sai dai duk harbin da zan yi, sai in ɗora mahaɗar layukan ƙasa da da'irar da taƙi guda, yadda Baba ya koya mini. Harsashi ya sauka ƙasa, daidai inda na nuna, in ce lallai madubin nan bai da saiti. In murɗa maɓallin sama, in sake. Haka na yi ta murɗawa har ramukan suka hau suka taru a tsakiyar baƙin. Bindigar mutane lafiyarta ƙalau, ni na zauna na koya mata ɗaga kai irin na adakar Baba.

Na kai masa kwalin. Ya shafa ramukan da yatsa, ya ce, "Masha Allah, ɗan maharba." Kaina ya kumbura ya fi girar. A Juma'ar nan, da muka haɗu da 'yan'uwa Hausawa muna cin tuwo a ɗakin wani abokina a Al-Nasiriya, babu wanda ya samu ya yi magana. Har tabon na nuna musu.

Ranar farautar muka fita bayan asuba. Tsoho ya sa tsohuwar rigar farautarsa, ta yi masa yawa yanzu. Ɗansa ya zo, ƙaninsa mai gonar ya zo, da surukai biyu. Aka zaunar da shi a maɓoya, aka ɗora bindigar a kan buhun yashi don kada hannu ya yi rawa, ni ina durƙushe a bayansa. Da rana ta ɗan ɗaga sai ga barewa, namiji, ya zo ya tsaya a gefen kwamin ya ba mu haƙarƙari. Ko ni da adaka da na same shi. Na ji tsoho ya ja numfashi ya riƙe, ya yi bisimilla a hankali. Ban taɓa ganin hannunsa ya tsaya cak irin na lokacin ba.

Ya harba. Ƙura ta tashi a tudun da ke bayan barewar, sama da gadon bayansa. Ya yi tsalle ɗaya ya ɓace.

Ɗan ya sunkuyar da kai, shi ma bai ji daɗi ba. Ni kuwa zuciyata ta tafasa, na miƙe na ce ba laifin ammi ba ne, ƙila bindigar ta bugu a mota saitin ya goce. Ɗan ya ce to mu gani. Aka kafa wani kwali a bakin kwamin, aka zana da'ira, aka miƙo mini. Na kwanta, na sauka taƙi guda kamar kullum, na ja kunama. Tsakiyar baƙin, kamar an sa ƙusa an huda. Tun da nake ban taɓa harbi mai kyau irin wannan ba. Surukai suka tafa, mai gonar ya daki kafaɗata. Har na fara washe baki kafin na gane abin da na tabbatar musu.

A hanyar komawa mu biyu ne a motar. Da muka yi nisa sai ya ce, kamar da kansa yake, "Na ɗora mahaɗar daidai kafaɗarsa. Wallahi na gan ta sarai."

Na ce, "Daidai kafaɗar, ya ammi? Ba ƙasa ba?"

"Ƙasa kuma? Don me?"

Saura kaɗan in saki sitiyari. Na gangara gefen titi na tsaya. Da guntun Larabcina da hannuwa biyu na shiga bayani: adaka, Baba, taƙi guda, maɓallin da na yi ta murɗawa. Na ce idonsa lafiya lau, harbinsa daidai ne, ni ne jakin da ya karkatar da bindigar. Na ce mu juya yanzu a kafa kwali ya gwada, ko a ba ɗansa ya gwada, kowa zai gani. Kunya da baƙin ciki sun cika ni.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya miƙo hannu daga baya ya dafa kafaɗata.

"Allah ya yi maka albarka, ya waladi. Kana so ka rufa mini asiri. Amma na ga harbinka da idona, wannan kam na gani."

Na rantse. Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai ƙarya don alheri. Na sami ɗan a gida na sake bayani, shi ma ya gode mini da kirkina, ya ce ya san ina ƙaunar babansa. Duk ƙaryar da na shirga a cikin motar nan an yarda da ita, ranar da na zo da gaskiya tsirara kuwa aka rasa mai saye.

Da yamma tsoho ya goge bindigar da kansa, ya sa ta a jakarta, ya ja zif. Ya kira ni ya ce in kai ta motar ɗansa. Ni na ɗauke ta na kai.