Butar Kakana

Har yau in na ji ƙamshin ruwan rake yana tafasa, butar kakana ce ke faɗo mini a rai. Ba kewa ba ce, kar ku ɗauka kuka zan yi muku. Abin dai yana zuwa ne ya zauna, ya gama zamansa ya tafi.

A wani ƙauye na Dandamisa aka haife ni, zamanin Turawa, tun Di'o yana zuwa rangadi. In rani ya shiga doki ke juya injin matsa rake, gari duk ya ɗauki ƙamshin mazarƙwaila. Kakana, uban babana, ya tsufa a lokacin, haƙoransa sun zube. Mazarƙwaila yake tsotsa da ɗan tuwon dawa, ruwa kuwa ba ya sha sosai don gudun yawan tashi fitsari. Ni ce babbar jikarsa mace, saboda haka ni ce matarsa ta wasa. Ya ce mini "amarya marowaciya", in ce masa "miji mara haƙori". Kowace safiya ni ke cika masa buta in ajiye a ƙofar ɗakinsa, ya ɗauka ya zagaya bayan gida.

A ranin da nake ba ku labari cikinsa ya fara ciwo. Aka jiƙa tsamiya, aka ba shi jar kanwa, aka sha rubutu. Cikin sai ƙara tashi yake yi, fatar har tana sheƙi. Ranar kasuwar Makarfi babana ya je ya roƙo malamin asibitin En'e, ya zo a kan keke da akwatinsa a baya.

A zaure aka kwantar da tsohon, 'ya'yansa maza sun kewaye shi. Malamin ya durƙusa ya gaishe shi sosai, sannan ya ce, "Baba, ina ne ke ciwo?"

"Alhamdulillahi," in ji kakana.

Malamin ya juya wajen babana. "Yana zagayawa kuwa?"

"Kullum da safe," in ji babana. Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Wane ɗa ne zai tambayi ubansa abin da ya yi a bayan gida?

Ni kuwa ina bakin ƙofa, na san abin da na sani. Tsohon yana shiga bayan zana ya ɗan tsaya, ya fito ya juye ruwan a gindin gwanda, don mutanen gida su ga buta ta dawo babu ruwa. Gwandar nan ita kaɗai ce koriya shar a gidanmu.

Malamin har ya buɗe akwati zai ba da maganin tsutsar ciki, sai na ce, "Gwanda ce ke shan ruwan. Mijina ba ya yin komai."

Baffana ya ɗaga hannu zai kai mini mari. Malamin ya tare shi, ya ce maza duk su fita, yarinya ta tsaya. Da suka fita ya ce da ni a hankali, "Ni ba zai amsa mini ba. Ke matarsa ce, tambaye shi. Yaushe rabonsa?"

Na tambaya. Kakana ya dubi rufin zaure ya ce tun kafin a fara saran rake na fadamar ƙasa.

"Tambaye shi iska fa, tana fita?"

Na ce, "Tsoho, tusa fa? Ko ita ma rowarta kake yi?"

Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. "Amarya mara kunya," ya ce. "Ita ma ta ƙaura."

Malamin ya sa na tambaye shi ko ya yi amai. Ya yi, mai wari, ya rufe da ƙasa. Malamin ya murza tafukansa suka ɗumama, ya taɓa cikin gefe-gefe, nesa da wurin ciwon tukuna, yana kallon fuskar tsohon. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, cikin ya yi ƙara kamar ganga. Ya sa abin saurare ya daɗe yana ji. Sannan ya rufe akwatinsa, ya kira babana ya ce kar a ƙara ba shi tsamiya ko kanwa, hanji ne ya toshe, a kai shi Zariya yau ɗin nan.

Aka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa zuwa bakin hanya, aka samu motar mazarƙwaila. Ban yi kuka ba. Da labari ya zo cewa ya cika kafin likita ya sa masa wuƙa, can aka binne shi, nan ma ban yi ba. Mata suna kururuwa, ni ina kallon kaji. Washegari na cika buta na ajiye a ƙofarsa. Gwandar ta bushe kafin damina.

Yanzu ni ce mara haƙori. Bara cikina ya ɗaure, 'ya'yana suka kai ni asibiti a Ikara. Wata nas, yarinya sa'ar jikata, ta gaishe ni ta ce, "Mama, yaushe rabonki da bayan gida?" Ga 'ya'yana maza biyu tsaye da furfurarsu, kowa ya sunkuyar da kai. Wallahi na ji "alhamdulillahi" ta taso mini har bakin harshe.

Na haɗiye ta. Na ce da su, "Ku fita waje." Na ce da yarinyar, "Matso kusa, 'yata. Ki tambaye ni har iskar."