Malama Magdalena da Turancin Kwalin Sabulu

Da aka ce min kin rasu ranar Talata, huɗu ga watan Maris, ban yarda ba. Sai da Asabar ta zagayo na je rumfarmu ta bayan kasuwar Karu, na tarar an jingine bencinan da muke zama, buhun da kike tara mana kwalaye kuma an kai shi bola. A nan na yarda.

Malama, mu mata masu sayar da abinci kika tara kina koya mana Turanci duk Asabar, yawancinmu ko firamare ba mu gama ba. Ba ki taɓa sa mu sayen littafi ba. Kwalin sabulu, gwangwanin madara, ledar taliya, su ne darasinmu. Idan rediyo ya saka talla sai ki ƙara murya, mu bi waƙar muna tafi, masu wucewa na yi mana dariya. Ran da motarmu ta maƙale a cunkoson Nyanya kika nuna min wani babban allo, kika ce, “Barira, karanta. Allon nan ba zai yi miki dariya ba.” Na karanta da in'ina, kika riƙe hannuna har muka sauka.

Kin sha faɗa mana cewa a talla ba mai ciwo, ba mai kuka, don haka bayan bikin Ista za mu shiga Turancin asibiti da na jaje. Ba ki kai Istar ba.

Na je gaisuwa gidanku a Kurudu. Oga Philip, maigidanki, yana jin Hausa, na yi masa ta'aziyya yadda ta kamata. Amma ’yarki Marvel tashin Abuja ce, ba ta ji. Ta rungume ni tana kuka, tana ta magana. Na laluba duk abin da na koya, ba abin da ya zo bakina sai Turancin talla: sabo, mai araha, mai daɗi, mai fitar da datti. Na riƙe ta har ta sake ni.

Matan sun watse, kowa ta koma kan tukunyarta. Ban ga wanda zai sake ɓata Asabar ɗinsa a kanmu ba.

Allah ya ji ƙanki, ya saka miki da alherin da kika yi mana. Allah ya ba Oga Philip da dangi haƙurin rashinki.

Marvel kuwa, har yau ban yi mata gaisuwar mahaifiyarta ba.