Mujiyar Zaituna

Zaituna 'yar Tahoua ce, kuma tun tana ƙarama ta san abu ɗaya game da mujiya: in ta yi kuka a kan katanga, Inna za ta yi a'uzubillahi ta rarumi dutse. Da wannan ilimin ta zo karatun adabi a Saint-Denis ta ƙasar Faransa, tana kwana Sevran gidan yayanta Moutari.

Littafin da take nazari labarin wata ƙasa ne inda hukuma ke ƙone littattafai, masu ɓoye su kuwa suna zana mujiya a ƙofarsu. Zaituna ta yi tsalle. Ai marubucin yana nufin mutanen nan sun jawo wa kansu masifa ne! Ta ɓoye wannan gano nata har ga malamarta, wai kada a sace mata. Shi za ta gabatar a taron Lyon, gaban farfesan da zai zaɓi ɗalibi guda ya yi digirin dakta a hannunsa.

Tana isa zauren, cike da zumuɗi, wata mata ta miƙa mata jakar taro. Mujiya ce a jiki, har da tabarau.

"Madame, me ya kawo wannan mugun tsuntsu nan?"

Matar ta yi dariya. "Mugu? Tsuntsun hikima ne a wajenmu."

Zaituna ta ruga waje ta kira yayanta.

"Yaya, na mutu! Mujiyarsu malama ce!"

"To ke, taku ta Tahoua mi ta yi maku?" in ji Moutari.

Gaskiya mujiyar ba ta taɓa yi wa kowa komai ba. Da ta fito da rana dai tsuntsaye su taru mata, yara su bi ta da jifa.

Da aka kira sunanta, ta ajiye takardun da ta shirya. Ta faɗa musu yadda ake yi wa mujiya a garinsu, ta ce masu ɓoye littattafan nan na cikin labarin su ne mujiyar Tahoua, laifinsu kawai suna gani a inda kowa ba ya gani. Daɗi ya cika ta har wuya. Farfesan ya tsare ta da tambayoyi har shayi ya huce, sannan ya ce ta dawo Lyon ta yi digirin a hannunsa.

Tun daga tasha ta buga waya gida.

"Inna, an ɗauke ni! Mujiya ce ta yi mini hanya!"

"A'uzubillahi!" in ji Inna.