Ƙasar da ke Cikin Battar Barau

A share fili, a yayyafa ruwa, ga Barau ɗan Labaran nan tafe: Farfesan Gansakuka na Ƙasar Mafara da Kewaye, Sarkin Kwalabe, mutumin da bai taɓa shiga aji ba sai ranar da ruwan sama ya kora shi wata firamare a Bakura. Ni na naɗa shi, ni da na tsere daga aji biyar, saboda haka kada wanda ya tambaye ni takardar naɗi.

An haifi Barau a Tungar Nagode, wani ƙauye a ƙasar Maradun wanda yau ba a zuwansa sai a kwalekwale, in an je ma ruwa kaɗai za a gani. Mahaifinsa yana da fadamar shinkafa da ba a taɓa kai mata taki ba, amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. A gefenta aka binne tsohon.

Ana saura shekara guda a rufe dam ɗin Bakolori ruwa ya cinye ƙauyen, wani dogon Bafillace mai suna Dakta Dikko ya zo daga jami'a da akwatin kwalabe. Kowa ya ɗauka mai awon gonaki ne, sai aka gan shi durƙushe yana kwasar gansakuka da cokali. Yara suka bi shi da dariya. Barau kaɗai ya tambaye shi abin da yake nema. Dakta ya ce akwai wata irin gansakuka wadda, in an sa ta a madubin da ke ƙara girman abu, kamar zaren carbi take. Tana jawo abincin shuka daga iska ta bar wa ƙasa. Barau ya ce, "To taho ka ga gonar babana." A cikin duk abin da Dakta ya kwasa a fadamu ashirin, ta gonar Labaran ta fi kowacce ƙarfi. Ya sa mata lamba goma sha huɗu.

Ranar da motar kwasar kaya ta zo tashin ƙauyen, Barau ya koma gefen fadamar nan, kusa da kabarin, ya damƙo busasshiyar ƙasa ya cika battar fata ta mahaifinsa. Ya gaya wa matarsa Taibatu cewa in ya riga ta, a zuba masa ita a kushewa. Daga nan bai ƙara zancen ba.

A Talata Mafara Dakta ya ɗauke shi aiki. Shekara biyar yana bin kanal, wato hanyar ruwan dam, da keke yana ɗebo ruwa, yana canza wa gansakuka kwalba in ta cika, Dakta yana rubutu a wani ƙaton littafi. In kwalaben da aka gama da su suka yi yawa, sai ya kai gida Taibatu ta taya shi wanki. Ita kuwa mace ce da ko murfin tulu ba ta yarda ya yi kore.

Da farkon daminar shekara ta shida, Dakta ya yi tafiya. Iska ta kwashe rufin ɗakin aikinsu. Barau ya kwaso kwalabe shida na lamba goma sha huɗu, su ke nan a duniya, ya jera su a inuwar rumfar gidansa. Bai ko zauna ba aka aiko masa da rasuwar kawunsa a Dakko. Taibatu tana rijiya, ya hau keke ya tafi.

Da ya dawo washegari da hantsi, ya tarar da kwalabe shida kife a kan danga, suna walƙiya. An yi musu toka da yashi da ruwan zafi.

"Malam, wanga karo sun yi dauɗa ƙwarai," in ji Taibatu. "Sai da ni sa tsinke."

Barau ya ɗauki kwalba ɗaya ya leƙa cikinta. Ya ce, "Sannu da aiki." Bai ga laifinta ba, don shi ne bai faɗa mata kada ta taɓa su ba.

Dakta Dikko ya dawo bayan kwana uku. Da ya ji, bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan akwati, ya buɗe littafin nan yana juya shafi, shafi bayan shafi na abin da babu shi kuma. Ya ce, "Barau, rubutu ba ya tsira a gona. Inda muka samo ta kuma yana ƙarƙashin ruwa, tsawon mutum goma." Can ya ƙara da cewa, kamar mai magana da kansa, "Da ko busasshiyar ƙasar wurin na ajiye. Tana iya barci cikin ƙasa shekaru, in ta ji ruwa ta farka."

Dakta bai san da batta ba. Mutum biyu ne suka sani, ɗayar kuma tana gida tana kuka tun da ta gane abin da ta wanke.

Barau ya je ya ciro battar daga ƙasan akwatin tufafinsa. Taibatu ta tare ƙofa.

"Ni na yi ɓarnar. Don mi za ka biya da wagga?"

"Amana gare ni aka ba ta, ba gare ki ba. Kuma ɗan kaɗan za shi ɗiba."

Kaɗan ɗin aka ɗiba, aka jiƙa, aka ajiye a haske. Mako uku, ruwa fari fat. Aka ƙara ɗiba, ya fi na farko. Wata ciyawa ta banza ta fito ta mutu. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Dakta, wanda zuwa lokacin Taibatu ta gaya masa abin da aka ajiye ƙasar dominsa, ya tura battar gaban Barau ya ce ya mayar gida, ya isa haka.

Barau ya kwance bakin battar da kansa, ya zazzage ta cikin faranti, ya buga gindinta da yatsa har ƙura ta daina fita.

Rana ta goma sha tara, wani kore-kore kamar tabon lalle da bai kama ba ya bayyana a gefen farantin. Dakta ya sa a madubi, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya matsa wa Barau. Barau ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Zaren carbi ne, kwance, ɗaya bisa ɗaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya mayar da battar aljihu, wayam.

Dakta ya koma jami'a da kwalabensa. Barau ya koma noman shinkafa a ɗan filin da aka ba shi a bakin kanal, wajen Bakura. Bara wani malamin gona ya nuna mini takardar da Dakta ya wallafa da Turanci. Na iya haɗa baƙi daidai gwargwado, kuma can ƙasa, wurin godiya, na ga sunan Barau Labaran. Na ruga har gona, na same shi yana ba da ruwa.

"Baba Barau! Farfesa! Sunanka ya shiga littafin masana, har ƙasashen waje ana karanta ka!"

Bai ɗago daga fartanyarsa ba. "Tungar Nagode fa, sun rubuta ta?"

"A'a. Lamba goma sha huɗu suka sa."

"To. Matsa, ka tsaya min bisa hanyar ruwa."