Facin da Baba ya yarda da shi

Shekara talatin da wani abu Baba ya yi yana facin taya a bakin titin Kankiya, kafin ciwon mantuwa ya zaunar da shi. Sunayenmu ne suka fara tafiya. Ni ɗansa na fari, sai na koma "Direba" a bakinsa, ko da yake keke kawai na iya tuƙawa, shi nake hawa zuwa ofis a Kusada.

Da aka kwantar da shi asibiti, haɗiya ta gagara. Ko ruwa ya kurɓa sai ya sarƙe shi. Ga ƙwayar da yake sha kullum, wadda in ya rasa ta sai ya rikice, ya yi ta neman hanyar fita. Na sa bayan cokali zan murƙushe ta cikin kunu, sai wata nas ta riƙe mini hannu. 'Yar kudu ce, ta daɗe a garin, muna ce mata Sista.

"Oga, kana so kunu ya shiga huhu? Ba komai ta baki. Likita ya ce faci za mu sa ma Baba."

Maganin ne a jikin wani ɗan filasta, a manna a baya, fata ta riƙa tsotsa, kullum a sauya. Daga Kano aka kawo mana shi.

Baba da ya kwana biyu bai ce uffan ba, yana jin "faci" ya buɗe ido.

"Wa ya yi faci?"

"Kai ne, Baba," in ji Sista. "Iskarka na fita."

Ta manna masa a kafaɗa ta wuce. Kafin ta kai gado na gaba ya ɓamɓare shi, yana juya shi a hannu.

"Wanga ko ƙauyen Tafashiya ba ya kaiwa. Aikin gaggawa ne."

Washegari ta sa a inda take zaton hannunsa ba zai kai ba. Ya goga bayansa a ƙarfen gado har ya fita. Ranar bai zauna ba, ya fizge robar ƙarin ruwa, yana kiran mahaifiyarsa. Sista ta ce in aka ci gaba haka, sai dai a ɗaure masa hannu. Wannan ne ban so ba.

Rana ta uku na ce ta bar ni in gwada, ta tsaya tana kallo. Na ce, "Baba, ka duba mini aikin nan, ban ƙware ba."

Ya gyara zama. Muryarsa ba ta fita sosai, amma umarni ne.

"Goge wurin. Bari ya bushe, mi kake ma sauri? Fasinja su jira."

Muka jira. Na manna a damtsensa, inda zai gani.

"Danne. Da tafin hannu, ba yatsa ba. Bi gefe-gefe."

Na danne, na daɗe. Rabona da in taɓa jikinsa haka har na manta. Ya kara kunnensa kusa da wurin, ya saurara ko iska na fita.

"Ya kama," ya ce. "Kada kowa ya taɓa shi."

Sista ta rufe baki da fayil tana dariya.

Kwana goma sha tara muka yi haka, kowace safiya a ɓare na jiya, a sauya wuri, shi yana duba aiki. Ba a ɗaure shi ba ko sau ɗaya. Na ƙarshen, masu wankan gawa ne suka cire masa.